Turaren da Ya Toshe Min Hanci

A farkon shekarun saba'in ni ƙaramin akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati a Kaduna, gwauro, ina haya a Kurmin Mashi, ina ji da kaina kamar ni na kawo boko ƙasar nan. Burina ɗaya ne, in zama sakataren shugabanmu, wani dattijo mai fama da fuka. An ma raɗa min cewa sunana ne a gaba.

Sai na faɗa harkar turare. Na sayi kwalba wajen wani tsoho a Babbar Kasuwa. Makon farko ɗigo biyu ke isata. Kafin wata ya cika na daina jin komai, sai na koma shafawa a hula, a wuya, a hankici, har cikin aljihu. Abokan aiki suka fara buɗe tagogi in na shigo. Wata mai buga tafireta ta ce min kanta yana sarawa. Na dube ta sheƙeƙe, a raina na ce ina ƙauyawa suka san ƙamshi, mutanen da suka tashi cikin hayaƙin murhu. Na koma kasuwa na tara wa tsohon jama'a, wai ya surka min da ruwa. Bai ko ɗaga murya ba, ya ce turarensa lafiya lau yake, hancina ne ya ƙoshi, in huta kwana uku in gani. Na ja tsaki, na sayi wanda ya fi ƙarfi a rumfar gaba.

Ranar da maigida ya kira ni ofishinsa, wanka na yi da turaren. Ban gama gaisuwa ba tari ya sarƙe shi, ya dafe ƙirji, idanu jajir. Da ƙyar ya ce, "Ɗana, fita. Ba zan iya zama ɗaki ɗaya da kai ba." Mai tafiretar nan aka ba kujerar.

Baƙin ciki ya kwantar da ni kwana huɗu ban shafa komai ba. Da na buɗe akwatin kayana, ƙamshi ya buge ni har sai da na fita waje da gudu. Ashe abin da nake ɗura wa bayin Allah ke nan! Wallahi har yau in na tuna sakarcina tsaki nake wa kaina.

Hanci ne, ko harshe, ko kunne, in ka cika masa abu sai ya toshe, kai kuma ka ɗauka mutane ne suka lalace. Jama'a, in kowa ya ce abu ya yi yawa kai kaɗai ba ka ji, kada ka ƙara, ka ja baya. Ni dai a teburin akawun nan na yi ritaya.