Kawu Sahabi da Ƙasa Mai Launin Toka

Da daminar bana Kawu Sahabi ya cika shekara bakwai da rasuwa. Na ce bakwai, amma matarsa Inna Kulu ta ce bakwai da ɗoriya, domin ita da watan Musulunci take lissafi. Ina jin dukanmu muna da gaskiya. Da yana raye da tuni ya katse ni ya ce, “Ka ji shi ko? Ko shekarun mutuwata bai iya hwaɗi kai tsaye.”

Yayan mahaifiyata ne, manomin gero da dawa a wani ƙauye tsakanin Tambuwal da Kebbe. Abu biyu aka san shi da su. Na farko, tsoron sanyi. Mutum ne da ko ana tsakiyar bazara sai an ɗumama masa ruwan alwala, kuma ban taɓa ganin ƙafarsa ba safa ba sai in zai wanke ta. Na biyu, ba ya ƙaunar amsa mai kwana-kwana. A wurinsa magana ko i ce ko a'a. Sai Allah ya jarrabe shi da ni. Tun ina makarantar sakandare ya raɗa mini suna Malam Wataƙila, sunan ya bi ni har ofishin gona inda nake aiki yanzu. Sunana na yanka Bashir, ga wanda yake son sani.

Ilimin ƙasa na karanta a wata jami'a a kudu. Da aka zo rabon aikin bincike, sai rabona ya faɗa kan ƙasar daji da ba ta tsane ruwa a gangaren tsaunukan bakin teku. Ban zaɓa ba, kuma ban iya cewa ba na so ba. Haka na yi watanni can wajen iyakar Kamaru, cikin dajin da rana ba ta taɓa ƙasa, ina tona rami ina leƙawa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mu nan mun ɗauka duk inda ke gangare ruwa wucewa yake yi. A can sai ka tsaya a gefen tsauni, ga teku a ƙasa kana hange, amma ƙafarka ta nutse har ƙwauri. Dalili kuwa, ƙarƙashin ƙasar akwai dutse ko yumɓu mai tauri. Ruwa ya sauka ya iske hanya a toshe, sai ya kwanta, ya riƙa bin gangaren ta ciki a hankali. Irin wannan ƙasa ba ta ɓoye halinta. A sama baƙar ƙasa ce mai laushi ta ruɓaɓɓen ganye. Kana nisa da tono sai ta koma launin toka, da ɗigo-ɗigon ja kamar tsatsa. Wani lokaci tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Saiwar bishiya ba ta nitsawa ciki, gefe take bi, shi ya sa iska kaɗan ke kayar da ƙaton icce. Ko ka tarar da ramin a bushe, launin nan na gaya maka ruwa na kwana a wurin, fita kawai ya yi.

Da na dawo gida da wannan ilimi, sai na duba gabas da yamma. Babu teku, babu tsauni. Amma Kawu bai ga matsala ba. Ranar kasuwar Tambuwal ya riƙe hannuna yana zagayawa da ni rumfa-rumfa.

“Ɗan ƙanwata na. Ya karanci laka har ya ƙure ta.”

Wani mai sayar da buhu ya ce, “To Sahabi, mi za shi yi muna da ita? Tukwane?”

“Kai dai ka tsaya ga buhunka. Hwaɗa mashi, Bashiru.”

Na ce, “To, ya danganta.”

Kawu ya saki hannuna. Bai sake yi mini magana ba sai da muka hau babur.

Yana da wata gona ta wajen Kebbe, a kan gangare mai sauƙi. Duk shekara dawar da ke tsakiyar gangaren sai ta yi rawaya ta tsugune, alhali ta sama da ta ƙasa lafiya lau. Wasu sun ce hanyar iskoki ce, wasu sun ce an binne masa wani abu. Bayan an yi girbi ya ce in zo in duba, kuma in taho da amsa ɗaya tak. Na ce sai an tona rami. Ya ce a tona.

A nan ya kamata in yi bayani, domin har yau akwai masu ganin da gangan muka yi. Ramin duba ƙasa yana da ƙa'ida. Dogo ne, mai kusurwa huɗu, bangonsa a miƙe, faɗinsa daidai yadda mutum zai shiga ya juya, a tara ƙasar a gefe ɗaya. A dajin kudu na tona irinsa ban san iyaka ba, ba wanda ya ko kalle ni. Ban taɓa tsayawa na lura da abin da ya yi kama da shi ba. Shi ma Kawu, in ya lura, bai faɗa ba.

Da muka gama, gajiya ta kama shi, rana kuma ta take. Ya leƙa ramin ya ce a ciki akwai inuwa. Ya shiga ya miƙe, ya ɗora hula a fuska. Ni kuma na tsaya a baki, na cire tawa hular ina fifita, ina kallon bangon ramin, ina tunanin yadda zan faɗi abin da na gani ba tare da na yi ƙari ba. An sha gaya mini cewa in ina tunani fuskata kan yi kamar an aiko mini da mugun labari. Daidai lokacin wani ɗan kabu-kabu ya bi ta hanyar gefen gona. Ya rage gudu, ya miƙa wuya, ya yi salati, ya ƙara wuta. Na ɗaga masa hannu. Daga baya ya ce shi ya ɗauka kiran taimako nake yi, zuciyarsa ce ba za ta iya ɗauka ba.

Mu ba mu san abin da ake ciki ba. Can Kawu ya zabura ya tashi zaune yana shafa baya.

“Kai! Ramin ga shina da sanyi. Rigata ta jiƙe. Ina ruwa ya hito, ga shi damana ta wuce?”

Na nuna masa bangon. Ga jar ƙasa a sama, ga inda ta koma toka-toka da ɗigon tsatsa, ga yumɓu a ƙasa kamar daɓe. Na ce mai yiwuwa ruwan tudu ne ke biyowa ta ciki yana taruwa a nan, wataƙila shi ke shaƙe saiwar dawar.

“Mai yiwuwa ko shi na?”

“Alamu dai sun nuna.”

Ya daɗe yana murza ƙasar a tafin hannu, ya sunsuna, ya yamutse fuska. Sannan ya ce, “Ashe ko ga gangare mutum na iya kwana cikin ruwa. To ji nan. Ni ka san ban son sanyi. In na riga ka, kada ka bari a aje ni cikin ƙasa mai wanga launi. Amana ta. Kuma ran nan in ka ce wataƙila, ban yahe ba.”

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Da la'asar muka iso gida, ni ke tuƙi, shi a baya, farar rigarsa ta koma launin toka tun daga wuya har ƙasa. Muka tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, babura jere har bakin masallaci. Mutanen Jabo sun riga sun iso. Daga ciki ana jin kukan Inna Kulu. Wani dattijo ya ɗago kai ya gan mu, ya bar takalmansa a wurin. Ba zan ce kowa ya gudu ba, domin Liman Malam Attahiru bai gudu ba, ko da yake shi da kansa ya ce ƙafafunsa ne suka ƙi.

Kawu ya sauka, ya nemi wuri a tsakiyar tabarma ya zauna, ya ce a kawo masa shayi mai zafi. Ya karɓi ta'aziyyar kansa har magariba, yana duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Inna Kulu ta yi kwanaki ba ta yi masa magana ba, ta ce ya sa ta zubar da hawaye a banza. Shi kuwa abin da ya dame shi daban. Amininsa na ƙuruciya, Alhaji Buhari na Dogon Daji, bai zo ba. Alhaji Buhari ya rantse labari bai kai masa ba sai bayan an ƙaryata. Kawu bai karɓa ba. Duk inda suka haɗu sai ya ce, “Ga wanda bai zo jana'izata ba.” Haka suka yi ta yi shekara da shekaru. A tsakiyar gonar kuwa ya daina shuka dawa, ya koma shinkafa, ta kuma yi.

Na kan yi tunanin abin da zai ce da ya ga yadda muke yau. Kwarin da ke bayan garinmu, inda muke kamun kwaɗi muna yara, yanzu gidaje ne. An zuba marmara an daɓe an yi gini, duk damina bango na jiƙewa har taga, masu gidan suna zagin magini. Waya ma yanzu tana faɗin ko za a yi ruwa, amma ba ta taɓa cewa i ko a'a, sai dai ta ce akwai yiwuwa. Ina jin da ya ce da ni aka haɗa baki aka ƙera ta.

Ya rasu da asuba a tsakiyar damina, a wani tsakani da ruwa ya ɗauke har gero ya fara lanƙwasa ganye. Kafin in iso daga Tambuwal an yi masa wanka, an kuma gama haƙa kabari. Tsohuwar maƙabarta ta cika, shi ne na farko da za a sa a sabon filin da aka ƙara, kuma masu haƙa sun zaɓi tsakiyar gangare da kyakkyawar niyya, don kada ruwa ya taru. Na riga makara isa wurin. Ramin a bushe yake ƙayau. Sai idona ya faɗa kan ƙasar da aka tara a gefe. Toka-toka ce, da ɗigon tsatsa.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Ga jama'a sun doso da makara, rana ta yi zafi, addini ya ce a gaggauta. Ni kuma a rayuwata ban taɓa tsayar da ko mai tallan goro ba. Idan na yi kuskure fa? Idan shekarun baya ne ruwan ya kwanta, yanzu ya canja hanya? Na tsaya gaban Liman, bakina ya fara da kansa: “Allah gafarta Malam, ina jin kamar…” Sai na haɗiye sauran.

Na ce, “Ba a nan za a sa shi ba.”

Wani daga baya ya ce, “Wa ya yi magana? Malam Wataƙila?”

Liman ya ce a hankali, “Bashiru, mamaci ba sanyin ƙasa shika ji ba. Aikinai shika iskewa.”

“Haka ne, Malam. Amma amana ya bar mini. Ruwa na kwana a nan.”

Babban mai haƙa ya ce shi tun ban san hannun dama ba yake wannan aiki, rami kuwa ga shi kowa na gani, ko danshi babu. Na ɗauko dunƙulen ƙasar na fasa, na miƙa wa Liman. Ya sunsuna, ya kawar da kai. Kalmar nan ta wataƙila ta taso mini, na danne ta.

Sai ga Alhaji Buhari ya ratso mutane, yana naɗe hannun riga. Ya karɓi diga daga hannun mai haƙa.

“Ta hwarko ban zo ba, ya hana ni shan ruwa har ya mutu. In anka sa shi cikin laka ina tsaye, wallahi ban san inda za ni ɓoye ba gobe kiyama. Yaro, nuna muna wuri.”

Wasu suka yi dariya da hawaye a fuska. Liman ya ce a ajiye makara a inuwa. Na hau can saman tudu na nuna, ban ce ko mai yiwuwa ba. Aka haƙa, ƙasa ja wur har ƙasa, tana warwatsewa a hannu. A nan muka sa shi. Ramin farko aka mayar da ƙasarsa.

Kwanakin zaman makoki ban samu natsuwa ba, ina ta tunanin ko na tsayar da gawa a rana a banza. Da ruwa ya dawo sai wurin ramin farkon ya lotsa ya zama ɗan tafki, kwaɗi suka tare. Har yau ba a sa kowa a wannan layin ba, ciyawarsa kuma kore take har bayan kaka. Abin da ya biyo baya ban yi tsammaninsa ba. Yanzu in za a haƙa kabari, ko masai, ko harsashin gini, sai a aiko a kira ni. Ina zuwa, ina dubawa, kuma ina tabbatar wa mai karatu cewa ban warke ba. Har yanzu ya danganta nake cewa, suna tsaki.

Kawu bai bar dukiyar da za a yi rigima a kanta ba. Gonar Kebbe tana nan, shinkafa a tsakiya, dawa sama da ƙasa. Safarsa Inna Kulu ta hana a bayar. Sunan da ya raɗa mini ma yana nan, har 'ya'yana sun iya. Na yarda da Liman, abin da ya aikata shi zai tarar, kuma muna roƙon Allah ya sa ya tarar da alheri, ya yafe masa, ya yafe mana.

Duk shekara in aka yi ruwan farko mai ƙarfi, nakan hau babur in je maƙabarta. In yi masa addu'a, sannan in tsuguna daga gefe in tona ƙasa da yatsa in duba launinta. Daga nan in wuce gida wurin Inna Kulu. Ba ta bari in gama gaisuwa.

“Ruwa ya kai gare shi?”

“Bai kai ba, Inna.”

Takan tsaya tana kallona, tana jiran sauran maganar. Babu saura.