Rikodar da Ta Rufe Bakin Kakata

Ƙas! Maigidana ne ya danna tsohuwar rediyonsa jiya da hantsi, ina tankaɗe. Sai da na ajiye rariya, don irin ƙarar nan ce ta rufe bakin kakata.

Daga wani ƙauye wajen Maraɗi aka auro ta zuwa Jibiya. Babanmu ne ɗanta na fari, shi ya sa ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi. Amma in sabon gero ya shigo, ta durƙusa gaban dutsen niƙa, ƙamshin gari na tashi, sai ta saki murya. A waƙar nan take yi masa kirari, take faɗin zazzaɓin da ya kusa ɗauke shi yana goye. Kowa a gidan yana ji, kowa yana yin kamar bai ji ba. Haka ake yi.

Yayana, da ke karatun fassara a jami'a, ya zo hutu da rikoda, ya ɓoye ta a gindin rumbu. Da la'asar Baba na zaure da abokansa 'yan hatsi, ya danna musu. Baƙi suka yi ta dariya, Baba ya sunkuyar da kai.

Da abin ya kai kunnen Kaka, sai ta ce wa yayana, "Ɗan nan, ka tuɓe mini zane a kasuwa." Ba ta ƙara yin waƙa ba. Shiru ta yi ta niƙanta har Allah Ya karɓi abinsa.

Yau yayan nawa farfesa ne, yana yawon duniya yana bayanin kunyar matan Hausa. Shi! Ya juya waƙar zuwa Turanci ya yi littafi, ko layi ɗaya na Hausarta bai sa ba. Na kira shi a waya na roƙe shi kaset ɗin, wai yana ɗakin ajiya a Turai, sai na rubuta takarda. Takarda, don in ji muryar matar da ta yi mini wanka? Allah Ya yafe mini, na kashe wayar ba sallama.

Yanzu inji ke niƙa, dutsen yana jingine a bayan ɗaki. Amon waƙar ma ya ɓace mini, na laluba na rasa. Na ɗauko littafin na karanta wa autata da ɗan Turancina na sakandare. Ta saurara, ta yamutsa fuska.

"Umma, wannan ai ba waƙa ba ce. Ke da kika ji, rera mini yadda take yi."