Mutumin Daji

Babanmu malamin kimiyya ne a wata sakandare a Birnin Gwari, amma ba da wannan gari ya san shi ba. "Mutumin daji" ake ce masa, yana kuma jin daɗin sunan. Ran Asabar sai ya ɗaure allo da takardu a bayan babur ya nufi daji, ya zauna a gindin doka yana zana tsuntsaye. Kalar ma shi ke haɗa abarsa da makuba da baba da karan dafi. A ƙarƙashin kowane tsuntsu yakan rubuta sunansa da Hausa da Gwaranci da Fillanci da kuma na masana, ya ƙara da ɗan zanen rafin da ya gan shi da hanyar zuwa wurin. Innarmu takan ce da a ce mu 'ya'yansa muna da fukafukai, da ya fi sanin halinmu.

Sai dajin ya samu waɗansu masu shi. Tsoro ya hana a kira masu satar mutane ɓarayi, aka koma ce musu "mutanen daji". Sunan da Baba ya tsufa yana amsawa da murmushi ya zama abin da ake kashe mutum a kansa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Mutanen da ya koyar da 'ya'yansu, su suka fara raɗa: ya aka yi ya san kowane rafi? Wa yake zana wa hanya?

Ranar da aka ce za a bi gida-gida neman masu kai wa ɓarayi rahoto, yayana ya kwaso zanen kaf ya zube a tsakar gida.

"Baba, ka yi haƙuri," ya ce. "In suka ga hanyoyin nan, ba tsuntsu za su gani ba, taswira za su gani."

Baba bai yi musu ba. Wallahi da faɗa ya yi, da ya fi mini sauƙi. Binciken ma ba a zo ba, amma wannan sai daga baya muka sani. Zama ya yi a bakin rijiya yana kallo, yayana na jefawa a wuta ɗaya bayan ɗaya: gauraka, cilakowa, carki, zalɓe. Da aka zo kan wani burtu, Baba ya miƙa hannu kamar zai karɓa, sai kuma ya janye.

"Wannan ban gama ƙafarsa ba," ya ce.