Murhun da ke Kan Tani

Tun tana budurwa Tani take suyar ƙuli-ƙuli a Tudun Kaya, da sana'ar ta aurar da 'ya'yanta kaf. Da ciwon kai ya sa ta gaba, kowa ya ce hayaƙi ne. Wanzami ya yi mata ƙaho a ƙeya har ya gaji, ita kuwa sai ta ɗaure goshi da ɗankwali ta koma bakin kasko. Sai da hannunta ya fara sakin ludayi 'yarta Baraka ta kai ta asibiti a Kano.

Likita ya ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa, ya kuma kwatanta mata da abin da ta sani. Kowace ƙwayar halitta a jiki tana da ɗan murhunta mai ƙona abinci ya zama ƙarfi, amma na ƙwayoyin ƙarin ya lalace, ci da yawa, amfani kaɗan.

Tani ta san irin wannan murhu mai cinye itace ya bar ka da hayaƙi. Janye masa itace ake yi. Suna dawowa gida ta daina cin tuwo.

Baraka ta yi lallashi har muryarta ta dushe. "Inna, likita bai ce haka ba. Ke za ki rame, shi ko a jikinsa."

Tani ta ture kwanon a hankali. "Na ciyar da ku, na ciyar da ubanku har ya koma ga Allah. Wannan kam, 'yar nan, ba zan ciyar da shi ba."