Watan da Inna Ba Ta Gani Ba

Maigidana ya rasu da kaka, ana tsakiyar yankan dawa. A garin Isa muke zaune, ina koyarwa a firamare, amma da ciwo ya tsananta sai ya ce a kai shi gida Unguwar Lalle. A can ya cika, a can kuma na zauna takaba, ɗakina na kallon na mahaifiyarsa.

Ni ba mai iya zama wuri ɗaya ba ce, duk wanda ya san ni ya san haka. Na saba da hayaniyar yara da saurin cefane, sai ga shi an ce in zauna, ba kwalli, ba turare, ba fita sai da lalura. Kwanakin farko kamar kaza mai neman wurin yin ƙwai nake. In shiga ɗaki in fito, in duba kwanan wata a waya in ajiye, in sake ɗauka. Wallahi na ji tsoron hankalina zai taɓu.

Surukata, wadda duk gidan ke kira Inna, ta zuba mini ido har ɗari ya shigo. Wata safiya ta ɗaga labulena ta ce, "Ɗiyata, taho mu sha hantsi."

Jikin rumbunta ne wurin, gefen da ke fuskantar gabas. Ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye ƙwaryar gyaɗa, muka jingina da laka mai sanyi, kowa ya dunƙule cikin zane. Rana idan ta tsallako danga, kan rumbun take fara taɓawa, sannan ta gangaro a hankali, ta sauka a goshi, ta bi kafaɗa, ta kai gwiwa. Ni sarkin baki na fara zancen yadda sanyin bana ya fi na bara. Ta ce, "Bari ta iso tukun." Sai da ɗumin ya kai ga yatsun ƙafarmu ta ce alhamdu lillahi, ta jawo ƙwarya muka fara ɓara.

Da farko haushi abin ya riƙa ba ni. Mace da iliminta ta zauna tana gadin rana kamar ƙadangare. Amma kullum sai ta ɗaga labulen nan, ni kuwa kunya ba ta barina in ƙi. Ban san ranar da na daina ƙosawa ba. Na dai lura wata safiya na manta waya a ƙarƙashin matashi, kuma ban tashi ɗauko ta ba.

Ƙarshen kowane wata kuwa yamma muke komawa. Da rana ta faɗi sai ta ja ni duban sabon wata bayan garken awaki, inda ake ganin sama tsakanin gawo da danga. Na taɓa ce mata waya ta nuna gobe ne wata zai tsaya. Ta ce, "Ba da waya aka ce ki ƙidaya ba." Da tsufanta da komai, ita ke riga ni ganinsa. Sai ta kama wuyan hannuna ta ce, "Allah shi ba mu alherin wanga wata, shi jiƙan waɗanda ba su gan shi ba." Maigidana ɗanta ne na fari. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba yana raye, ba ta yi kukansa a gaban kowa ba da ya mutu. Wannan addu'ar ce iyakar abin da na ji ta ce a kansa.

Sanyi ya fara sassautawa sai yayyena suka aiko daga Isa, suka ce da watan gaba ya tsaya, in 'yan kwanakin da suka rage sun cika, za su zo su ɗauke ni. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na fara ninke kayana.

Yammacin da muka fita dubansa sama tas take. Ga shi can siriri bisa reshen gawo, ko yaro zai gan shi. Na ce, "Inna, ya tsaya."

Ta ce, "Ina? Ni ban ga komi ba."

Na miƙa hannu ina nuna mata, har na fara yi mata kwatance irin na malaman makaranta. Da na waiwayo sai na ga ba sama take kallo ba. Kanta na ƙasa, tana murza bakin zanenta. Na sauke hannuna. Muka tsaya nan har ladan ya kira salla, ba ta kama wuyan hannuna ba.

Washegari ba ta ɗaga labulena ba. Ni na ɗauki tabarma da ƙwarya na je ƙofarta na ce, "Inna, rana za ta riga mu." Ta fito muka zauna. Ɗumi ya sauko goshi, ya bi kafaɗa, ya kai ƙafa, ba ta jawo ƙwarya ba. Can ta dafa tabarmar kusa da ni ta ce, "Nan shika zama tun yana ƙarami. In kin tahi, za ni naɗe ta."

Ran nan na aika wa yayyena su dakata sai zafi ya shigo sosai. Muka ci gaba da fitowa har ranar ta fara korarmu inuwa.