Sanda, Mai Garin da Ya Bar wa Dattawa Ranar Sakin Shanu

Ranar Alhamis, goma sha biyu ga Zulhajji, shekara ta 1296, kwana biyu bayan Babbar Sallah, Allah ya karɓi ran Sanda, mai garin Tudun Sada a ƙasar Maska, bayan jinyar mako uku. Na Allah muke, kuma gare shi makomarmu take. Ni Abdussamad na shekara goma sha tara ina rubuta masa wasiƙu.

Baba Sanda, kyautarka ba ta buƙatar shaidata. Matan da suka ɗebi dawa a rumbunka, ba a tambaye su daga gidan wa suka fito ba, su za su faɗa. Ni maganar sakin shanu zan rubuta, domin a kanta aka fi zarginka.

A al'adar garinmu, mai gari ne ke sa ranar da Fulani za su shigar da shanu gonaki bayan girbi, su ci kara, su bar taki. Mahaifinka shi kaɗai yake yankewa. Kai da ka hau, ka tara liman, sarkin noma, arɗo, masu unguwa da dattijon Maguzawan bayan dutse, ka ce, "Ku za ku sa rana. Nawa shi ne in ga an bi."

Shekarar farko ba su sa ba. Masu dawa sun gama girbi, suna son taki. Masu auduga ba su gama cirewa ba, suna son jinkiri. Zama bakwai aka yi. Shanun arɗo suka rame, ya kaɗa su zuwa Danja. Damina ta sauka a kan gonakin da ba su ga taki ba, kuma gidaje da yawa rumbunsu ya ƙare kafin gero ya nuna.

Ina nan lokacin da Sarkin Noma Aƙilu ya ce maka, "Ranka ya daɗe, in mu za mu yi sarautar, a yanka mana rawanin, kowa ya sami kamu ɗaya."

Ka yi murmushi ka ce, "Kai da ba ka iya naɗa naka ba, Aƙilu?" Amma ranar ba ka ci abinci ba.

Gaskiya ba ta rage darajar mamaci. Ka san ranar da ta dace tun zaman farko, amma ka yi shiru don kada a ce ka tilasta. Wannan kuskure ne. Barin wa mutane hukunci daban, hana su abin da ka sani daban. Da bakinka ka amsa haka a ƙofar masallaci. Ba ka karɓe ikon ba. Sai dai daga lokacin kakan sa a zagaya gonaki, ka kawo wa dattawa labarin audugar da ta rage, ka faɗi ra'ayinka a fili, kuma ka ƙayyade musu zama uku.

A shekara ta biyar suka ƙi ra'ayinka, suka sa rana alhali taka audugar tana tsaye. Kai da iyalinka kuka cire abin da ya samu, shanu suka cinye saura. Tun daga nan ban ƙara jin manomi ya ɗaga wa makiyayi sanda a kan ranar saki ba.

Ka tafi bana an yi zama biyu, arɗo yana jira a bakin rafi. Akwai masu raɗa wa ɗanka Hussaini, wanda ke riƙe da gari, ya sa ranar da kansa don a san ya isa. Jiya ya kira ni, ya ce in aika wa dattawa su zo bayan sadakar bakwai, kuma in gaya musu shi ma yana da abin faɗa. Na aika.

Allah ya gafarta maka shirun shekarar farko, ya saka maka da haƙurin sauran shekarun, ya yalwata kabarinka. Ina miƙa ta'aziyya ga iyalinka, Gwaggo Hajo da Hussaini da Shafa'atu, da dattawan da za su zauna karo na uku ba ka cikinsu. Allah ya ba su haƙuri, ya sa su tashi da rana a hannu.