Abu Na Tara a Takardar Auta

"Wai ina Baba Direba za shi da fararen kaya haka da sassafe?"

"Gasar mota, in ji shi."

"Gasar me? Mutumin da jiya ya yi wa turken lantarki sallama?"

"Har tsayawa ya yi yana jiran a amsa masa."

"Ke, rage murya, ga 'yarsa can tana shanya."

Ya ji su sarai. Ido ne ya tafi, kunne na nan daram.

A motar rabon burodi ya koyi tuƙi, daga nan wani mai kamfanin fenti ya ɗauke shi. Shekara talatin da ɗaya ya yi a gidan. Shi ya ɗauko Auta, 'yar Maigidan, daga asibiti ranar da aka haife ta, shi ya kai ta makaranta har ta gama. Da yanar ido ta rufe masa gani, wata safiya ya goga mota da ƙofar gareji. Maigida bai yi faɗa ba. Ya karɓi makulli, ya ba shi agogon bango kyauta, agogon da bai taɓa ganin ƙarfe nawa ya nuna ba. Tun daga ranar yake kwana a ɗakin 'yarsa tela, a bayan keken ɗinki.

Shekara biyu babu wanda ya leƙo shi, sai ga wayar Auta. Ta ce ƙungiyarsu ta masu motoci ta shirya gasa. Kowace mota za a ba ta takarda mai abubuwa tara a nemo cikin gari, wanda ya riga dawowa da su duka shi ke da kofi. "Baba, ba za mu ci ba sai da kai."

Abin da ya ƙulla a ransa ke nan: in ya nuna har yanzu garin na cikin kansa, labari zai kai kunnen Maigida, ko duba mai da ruwa ne a mayar da shi yana yi a gareji.

"Baba, mutanen da ba su tambayi ko kana numfashi ba," in ji 'yarsa, tana goge masa tsofaffin kayan aikinsa.

"Ke dai danne min wuyan rigar da kyau."

Da motar ta iso, sabo ya sa ya buɗe wa Auta ƙofa, sannan ya zagaya wajen sitiyari. Saurayinta, wani mai baƙin tabarau, ya tare shi da gwiwar hannu.

"Ina zuwa, tsoho? So kake mu kwana a asibiti? Baya."

Ya zauna a baya, kusa da kular lemo.

Abu na farko, hoton tsohon silima da ya koma ɗakin ajiyar kaya. Mai Tabarau ya danna waya ya danna, taswirar ba ta san da wani silima ba. Baba Direba ya jingina kai, ya rufe idon da dama ba ya yi masa komai.

"Miƙe. In ka hau tudun titi na uku, za ka ji taya ta faɗa wani rami ta gefena. Daga nan ka karya hagu."

Taya ta faɗa rami. Auta ta yi ihu tana tafi.

Haka ya riƙa karanta musu garin da ƙugunsa da hancinsa. Warin fata, an zo bayan majema, a yi dama. Rugugin ƙarfe a ƙarƙashin mota, gadar jirgin ƙasa ce, tsohon famfon da ake nema yana ƙasanta. Ƙarar injin yankan katako, nan mai gyaran agogo yake, a karɓo hatiminsa a takarda. Kafin rana ta take, takwas sun shiga hannu.

"Auta, za ki gaya wa Maigida dai?"

"Ai yana can wajen, Baba. Da idonsa zai gan ka."

Ya gyara zaman hularsa. "To na taran fa? Karanto min."

"Na tara na hannu tun da safe," in ji Mai Tabarau. Su biyun suka ƙyalƙyale da dariya. Shi ma ya taya su, don kada a bar shi a baya.

A filin ajiye motoci na wani otal aka kammala. An jera dogon tebur, a kansa akwai rediyo mara murfi, fanka mai fiffike biyu, da talabijin mai ƙaton ƙeya. Auta ta rataya masa kwali a wuya, ta ƙulle igiyar ta baya, ƙulli biyu. Suka ɗora kujera a kan teburin, suka ɗaga shi suka zaunar da shi tsakanin fankar da talabijin.

Alƙalin gasa ya ɗauki lasifika. "Abu na tara! Tsohon kayan da aka jingine a gidanku, aka daina amfani da shi!" Ya bi teburin ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan kwalin, ya karanta da ƙarfi: "Shekara talatin da ɗaya a gidanmu. Fitilu sun mutu, inji na tashi."

Filin ya ɗauki shewa.

"Sai mun ji da kunnenmu!" wani ya ce.

"Baba, yi musu kukan inji," in ji Auta. "Irin wanda kake yi min ina ƙarama in na ƙi shiga mota. Haba Baba, maki goma ne fa."

Cikin hayaniyar ya tsinkayo wani tari da ya sani, tarin da ya shekara talatin yana ji daga kujerar baya. Maigida na nan. Sai ya haɗa leɓɓansa, ya yi. Ya tayar da injin, ya ba shi wuta, har giya ya canza. Yawu ya sauko kan wuyan rigar da aka danne da kyau.

Da dariya ta lafa, ya ji muryar Maigida a kusa, yana tambayar wani: "Wai direbanmu ne wancan? Wallahi na ɗauka ya rasu."

Su Auta ne suka ci kofin. Aka yi hotuna, aka yi ta danna oda, motoci suka fice ɗaya bayan ɗaya zuwa wajen walima. Ya san kukan motar Auta, ya bi ta da kunne har ta hau tudun bakin ƙofa ta karya dama.

Mai gadin otal, wani dattijo, shi ya zo kwashe kayan teburin. Ya sauke fankar, ya sauke talabijin, sannan ya kama hannun Baba Direba ya sauko da shi.

"Malam, akwai mai zuwa ɗaukarka?"

"Na san hanya."

Ya kai hannu ƙeya yana laluben ƙullin. Farce ya kasa, igiyar kuma ta yi gajarta, ba ta fita ta kai. Ya juya wa mai gadin baya, ya sunkuyar da wuya.

"Ɗan'uwa, don Allah kwance min igiyar nan, ka jefa kwalin inda ba za a tsinta ba. 'Yata ta iya karatu."